Daga Kura zuwa Rano a kan keke: yadda nake yin tafiyar cikin kwana biyu

Keken da nake hawa Rali ne na mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ba shi da giya, kuma ban taɓa jin rashinta a wannan hanya ba, domin ƙasar da ke tsakanin Kura da Bunkure shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai. Duk shekara idan hunturu ya kankama nakan ware Asabar da Lahadi in bi ta a hankali. Abokai sun yawaita tambayata yadda ake yi, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Fara da zaɓen lokaci. Daga ƙarshen Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu ya fi. A lokacin alkama ta yi kore shar, tumatir ya fara nuna, rana kuma ba ta da zafin da za ta kayar da mutum. Kada ka gwada a bazara. Zafin Afrilu yakan haura digiri 40, kuma inuwa ba ta da yawa a cikin gonakin rani. Da damina kuwa laka za ta cika tsakanin taya da madigadi har keken ya ƙi motsi.

Shawara ta biyu ita ce wadda na fi matsa wa mutane a kai: kada ka tuƙa keke a kan titin Zariya. Tireloli da tankoki ba sa ganin mai keke. Je tashar Unguwa Uku da asuba, a ɗaure maka keken a mota, ka biya kuɗin kaya. Za ku haye gadar Tamburawa, ku wuce Karfi, ka sauka a Kura. Tafiyar kusan kilomita 30 ce daga birni, kafin hantsi ka isa.

Kafin ranar, kai keken wurin mai gyara ya duba birki, ya ɗaure kaca, ya sa mata mai. A kariya nakan ɗaura tub guda sabo, famfo, faci da sholisho, sifana ɗaya, ruwa lita 3, dabino, ƙuli-ƙuli, rigar sanyi da rawanin da zan rufe hanci saboda ƙura. Famfon nan kada ka bar shi. Shekarar farko na tafi ba shi, tsaidau ya huda mini tayar baya a tsakiyar gonaki, na tura keke fiye da awa ɗaya kafin na samu mai faci. Tsaidau yana kwance ne a gefen hanya inda ciyawa ta bushe, saboda haka ka bi tsakiya, inda sawun babura ya daddaɓe ƙasa.

Kada ka yi hanzarin barin Kura. Yawancin masu wucewa shinkafa kawai suka sani da garin, da ƙarar injinan casa. Amma tun kafin shinkafa, da rini Kura ta yi suna. Nan ake rina turkuɗi da baba, a kai wa mabuga su buge shi a kan gungume har ya riƙa walƙiya, sannan fatake su ɗauke shi zuwa Agadas da cikin Sahara, inda Buzaye ke naɗa shi. Rawanin da ake ce wa ɗan Kura daga nan ya samo sunansa. Tura kekenka cikin tsohon gari, ka tambayi dattawa ina marina take da wurin masu bugu. Ka yi sallama, ka jingine keke, ka zauna. Ni nakan ɓata awa biyu a nan ban sani ba. Idan kana son ɗaukar hoto ka nemi izini tukuna, kuma in da hali ka sayi wani abu ko ƙarami ne, domin sana'ar ta ja baya ƙwarai, masu riƙe da ita sun cancanci fiye da kallo.

Daga Kura sai ka nufi kudu maso gabas, wajen Bunkure. Nan ne daɗin tafiyar yake. Duk yankin yana cikin shirin noman rani na Kogin Kano, wanda ke shan ruwa daga madatsar Tiga da aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala a 1974. Ruwan yana zuwa ta babbar kwata, ya rarrabu zuwa ƙanana, kuma kusan kowace kwata tana da hanyar ƙasa a gefenta. Waɗannan hanyoyi su ne naka. Babu manyan motoci, sai babura, amalanke, da a-kori-kura masu ɗaukar kwandunan tumatir zuwa kasuwar Kwanar Gafan. Ruwa na gudu a hannunka ɗaya, albasa da alkama a ɗaya hannun, balbelu na bin masu ban ruwa.

Taswirar waya ba ta san yawancin hanyoyin nan ba, don haka bakinka ne jagoranka. Duk inda hanya ta rabu, sauka daga keke. Kada ka yi tambaya kana bisa sirdi, rashin ladabi ne ga wanda ya girme ka. Ka ce, "Salamu alaikum, Baba, sannu da aiki, ya ruwa?" Ka jira ya amsa, ku gaisa sosai, sannan ka tambayi hanyar Bunkure. Sau da yawa amsar takan zo da tumatir biyu ko karan rake. Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Yaro, in ka ga gawon can, ka bi hagunsa." Tun ranar nake lura da gawo. Itace ne da ke zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani, saboda haka a watannin nan shi ne mai inuwa, kuma a gindinsa nake yada zango in ci dabino. Sai dai ka duba ƙasa kafin ka shigar da keke, yana da ƙaya.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa: komai gumin da ka yi, kada ka shiga kwata wanka. Za ka ga yara suna iyo, ranka zai biya. Ruwan irin wannan yana ɗauke da tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, kuma ta fata take shiga. Babbar kwatar ma tana da ƙarfin da ba a gani daga sama. Yi alwala da ruwan gorarka ko ka bari sai masallaci.

Ina lissafa kilomita 10 a awa, har da tsaye-tsaye. Da haka nakan yi azahar a Bunkure, in sha fura da nono, in miƙe ƙafa a inuwar masallaci har rana ta ɗan karya. Daga nan kwalta ce zuwa Rano, wadda ta taso daga Karfi. Riƙe gefenka na dama sosai. Sannu a hankali ƙasa za ta fara ɗagawa, duwatsu su fara leƙowa, ka san ka kusa. Akwai 'yan hawa. Inda ya yi maka nauyi ka sauka ka tura, ba tsere kake ba.

Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai. A labarin da muka gada, da aka raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka, Gobir ta samu yaƙi, Katsina da Daura kasuwa, Kano da Rano kuwa aka kira su sarakunan baba. Wannan ne ya sa nake son haɗa garuruwan biyu a tafiya guda: da safe ka ga hannuwan da baba ya rina a Kura, da yamma ka shiga garin da aka ba sarautarsa. Zagaya ta ƙofar fada, ka leƙa kasuwa, in da sauran ƙarfi ka nemi wani matashi ya raka ka kan dutse kafin rana ta faɗi. Daga sama za ka hango hanyar da ka biyo.

Maganar kwana ka gama ta tun kana gida. Ni wurin wani abokin karatuna nake sauka. In ba ka da kowa, ka isa da sauran rana ka gabatar da kanka ga mai unguwa, ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka. Ko ta yaya, magariba ta same ka a cikin gari. Ka kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki kafin ka taso, ka sanar da mutanen gida inda kake. Ku tafi ku biyu ko uku ya fi. Fiye da haka kuwa ƙauye zai ɗauke ku 'yan kallo, hira ta gagara.

Washegari mai ƙarfin gwiwa yana iya ƙarawa ta Rurum ya ga Tiga da idonsa. Ni dai nakan juyo bayan karin kumallo, in biyo kwalta ta Bunkure har Karfi tun iska ba ta tashi ba, domin ta hunturu daga arewa maso gabas take busowa, a dawowa kusan a fuska za ta riƙa dukanka. A Karfi, in na dace da masara, nakan sa a gasa mini biyu, in ci ɗaya a tsaye kafin a gama ɗaure keken a bayan mota.