Yadda Ake Buɗe Kowane Irin Bidiyo a Kwamfuta Ba Tare da An Kwaso Manhajar Leƙen Asiri Ba

Bayan bikin ƙanwarmu a Gwammaja, mai ɗaukar hoto ya tura wa ƙanina bidiyon kamu da na dina a filas. Ya sa a laftof, sai kiɗa kawai ke tashi, allo baƙi ƙirin. Ya shiga intanet, wani shafi ya ce masa sai ya sauke "sabon kodek". Ya sauke. Bidiyo dai bai buɗe ba, amma kafin kwana uku an shiga Facebook ɗinsa ana roƙon kuɗi da sunansa, har Gwaggo ta tura dubu biyar.

Ga inda gizo ke saƙa. MP4, MKV, AVI, MOV da 3GP duk mazubi ne, kamar kwano da langa. Hoton da ke ciki an matse shi da wani tsari da ake kira kodek. Wayoyin yanzu, musamman iPhone, suna ɗauka da kodek mai suna H.265, kwamfutoci da yawa kuwa ba su zo da shi ba. Wannan giɓin 'yan damfara ke fakewa da shi.

Da farko, sauke VLC, wato manhajar kunna bidiyo. Rubuta videolan.org da hannunka a saman burauza, kada ka danna tallan da ke fitowa a saman sakamakon bincike, don jabu sukan laɓe a nan. Ɗalibai ne suka faro aikin a wata makarantar injiniya a Faransa a 1996, kuma har yau kyauta ne, babu talla. Nauyinsa wajen megabait 40, alamarsa kuma irin mazugin nan mai ruwan lemo da 'yan KAROTA ke jerawa a titi. Kodek ɗinsa na cikinsa, ba ya neman ƙari. Duk wanda ya nemi kuɗi ko lambar wayarka kafin ya ba ka VLC, ɓarawo ne.

Sai ka danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta a kan bidiyo, ka zaɓi Open with, ka nuna VLC, ka ce kullum shi zai riƙa buɗewa.

Mataki na gaba shi mutane suka fi rainawa, ni kuwa a ganina ya fi kowanne. Windows yana ɓoye wutsiyar sunan fayil. Buɗe File Explorer, shiga View, ka kunna File name extensions. Yanzu abin da ka ɗauka "fim.mp4" ne zai iya bayyana a "fim.mp4.exe". Wannan ba fim ba ne, manhaja ce ta yafa mayafin fim. Haka mai ƙarewa da .scr. Duba nauyi ma: fim na awa biyu ba zai zama kilobait 800 ba. In kuma ka ga fayilolin filas duk sun koma masu 'yar kibiya a gefe, kada ka taɓa ko ɗaya, wataƙila muguwar manhaja ce ta shiga filas ɗin.

Filas ɗin da ya dawo daga shagon tura fina-finai ya shiga kwamfutoci iri-iri, ko da mai shagon mutumin kirki ne. Danna masa dama, ka sa Microsoft Defender, manhajar tsaro da ke zuwa da Windows, ya bincike shi kafin ka buɗe komai. Ƙaramin fayil da ka yi kokwanto a kansa, ɗora shi a VirusTotal, shafin da ke binciko miyagun manhajoji a cikin fayil, amma ban da bidiyon iyali, domin abin da aka ɗora can wasu na iya gani.

In VLC ma ya ƙi, galibi turin ne bai kammala ba, wataƙila an ɗauke wuta ana tsaka da kwafa. Koma a sake tura maka.

Wanda kuma ya riga ya kwaso, kamar ƙanina, ya cire kwamfutar daga intanet, ya yi Full scan da Defender, wato binciken kwamfutar gaba ɗaya, sannan ya canja kalmomin sirrinsa daga wata wayar daban. Ya fara da na imel da na banki.