Masu haɗa kwale-kwale a bayan gida, don Allah ku daina waɗannan kurakuran

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya. Samari biyar ko shida su yi karo-karo su sayo katako, su kafa rumfa a bayan gida, duk Asabar da Lahadi ana ta bugun guduma gwanin sha'awa, amma ranar da aka sa jirgin a ruwa sai ka ga an ware mutum ɗaya da kwano, ba shi da aiki sai kwarfe ruwa. Mu ma nan Yawuri haka muka fara, shi ya sa nake magana.

Babbar matsalar ɗanyen katako ce, kuma ita ta taɓa cin kuɗina da na abokaina gaba ɗaya. Jirginmu na farko a ƙarshen damina muka haɗa shi da maɗacin da ko sati biyu bai yi da tsagawa ba, in ka buga ƙusa har ruwa-ruwa kake gani a bakin ramin, mu kuwa ɗoki ya hana mu tunani. Muna gamawa iskar hunturu ta sauko, katako ya bushe ya tsuke, duk haɗin da muka matse ya buɗe, in ka leƙa ciki da rana haske kake gani layi-layi a ƙasa. Wani dattijo Basarke, wato masunci, da ke wucewa ya tsaya ya ƙwanƙwasa gefen da yatsa, ya ce "ɗana, wannan ai rariya kuka yi." Na ce Baba to a ƙara kwalta mana? Ko amsa ni bai yi ba ya wuce abinsa. Ƙarshenta rabin katakon benci aka yi da shi. Tun daga nan ni dai sai katako ya ci rani guda a inuwa, a jere, da ƴan sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, in ɗora dutse a sama kar ya karkace. Wasu na cewa na cika ɓata lokaci, to su je su yi ta sauri. Busasshen katako in ya shiga ruwa kumbura yake ya toshe kansa da kansa, ɗanye kuwa akasin haka yake maka.

Sai kwalta. Haba jama'a, kwalta fa ba fenti ba ce! Ka ga yaro ya shafa ta a kan katako mai laima da garin zarto, bayan wata guda ta ɓantare kamar ɓawon rogo. Fara cusa auduga ko tsumma a cikin haɗin tukuna da bakin wani ƙarfe marar kaifi, ka share wurin tas, sannan ka zuba kwaltar da zafinta, inda haɗin ya yi faɗi ka bi shi da siririn kwano ka kafe. Kuma kar ku dafa ta kusa da zana, kar kuma a bari ruwa ya ɗiga a tukunyar, fallatsi take yi, tabon yana nan a bayan hannuna har yau.

Ƙusa, a nemi wadda ba ta saurin tsatsa, kuma in kusa da bakin katako ne a fara huda rami don kar ya tsage. A ja igiya daga goshi zuwa baya a riƙa auna hagu da dama tare, in ba haka ba jirgi zai riƙa jan gefe ɗaya, filafili ya kashe maka kafaɗa. Rimi da sauƙin sassaƙa amma bai daɗewa. Jirgin da aka gama kuma ba a barinsa kife a rana.

Ranar gwaji kuma ban da kwasar ƴan unguwa don a ɗauki bidiyo a sa a TikTok. A ɗaure shi a bakin gaɓa ya sha ruwa kwana biyu uku tukuna, a ga inda yake tsattsafowa, sannan mutum biyu da suka iya iyo su shiga da rigar hana nutsewa su zaga inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Tun da aka tare kogin Neja da madatsar Kainji a 1968 akwai kututturan itatuwa da ruwa ya shanye a tafkin nan, ba ka ganinsu sai ka ji ƙum a ƙarƙashinka, sabon jirgi kuma bai da hurumin zuwa can a satin farko.