Kafin notari ya buga maka hatimi a Abuja, ga abin da za ka duba

Na daɗe ina aikin akawu a ofishin wani lauya a Wuse, maigidan nawa notari ne, wato lauyan da aka ba izinin shaida takardu da hatimi, kuma wallahi abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda mutanenmu suka ɗauki hatimin nan kamar tikitin tasha, miƙa kuɗi a buga maka ka kama gabanka. Alhali jan hatimin nan shaida ce. Lauyan da ya buga shi cewa yake ni da idona na ga wane, na tabbatar shi ɗin ne, kuma a gabana ya sa hannu ba tare da an tilasta masa ba. In wannan bai faru ba to takardar ado kawai ta sha.

Ka fara da mutumin kansa, don ba kowane lauya ne notari ba. Alƙalin Alƙalan Najeriya ne ke naɗa su, sai lauya ya kai shekara 7 a aiki, ya yi rantsuwa, sannan a sa sunansa a rijistar da ke hannun Babban Magatakardan Kotun Ƙoli. Saboda haka kar ka ji nauyi, ka ce "Barista, ko zan iya ganin takardar naɗin?" Na gaskiya ba ya jin haushi, galibi ma tana nan rataye a bango cikin firem. Ka duba sunan da ke kanta, ka duba wanda ke jikin hatimin, su zo ɗaya. In maganar gida ce ko fili, kuɗin mota zuwa Kotun Ƙoli ka tantance sunan ba asara ba ne. Su kuwa yaran nan da ke tare mutane a bakin kotu da shagunan fotokwafi suna cewa kawo oga yana ciki minti biyar an gama, kar ka ba su takardarka, ogan da ba za ka gani da idonka ba ai shi ma bai gan ka ba.

Sai zuwan mai sa hannu da kansa, nan ne fa aka fi samun rigima. Wata rana wani Alhaji ya shigo mana da takardar wakilci, wai yayansa ya wakilta shi ya sayar da fili a Lugbe, an riga an sa hannu, ga fotokwafin katin ɗan ƙasa an maƙala. Maigida ya ce ina mai filin? Ya ce yana Kano ba shi da lafiya. Maigida ya ajiye biro ya ce "Alhaji ka yi haƙuri, ban ga lokacin da ya sa hannu ba, a kai wa notari a Kano ya je har gida ya same shi." Alhaji ya ce "Haba Barista, uwa ɗaya uba ɗaya muke fa," har ya ninka kuɗi, aka mayar masa da abinsa. Mai yiwuwa gaskiya yake faɗa, ni ma har na ji tausayinsa. Amma a garin nan da cinikin filaye da yawa ke tafiya a kan takardar wakilci, kuma dokar shaida ta 2011 ta ce kotu ta ɗauki wadda notari ya shaida a matsayin an yi ta daidai, ka ga notarin da zai buga wa Alhaji yau shi ne zai buga wa wanda zai sayar da gidanka gobe kana barci. Don haka in ka je aka ƙi yi maka sai mai sa hannu ya zo, ka gode wa Allah, ka faɗa hannu nagari.

Ka tafi da shaidarka ta asali, fasfo ko katin ɗan ƙasa ko lasin tuƙi, ba hoto a waya ba, kuma kar ka sa hannu tun daga gida. Notarin kirki zai ɗaga katin ya kalli fuskarka, ya gwada rubutun suna harafi da harafi. Mu nan sunaye na ba mu wahala sosai, Muhammad a fasfo Mohammed a satifiket, Abdullahi a nan Abdullah a can, ka nuna masa tun kafin a buga don a san yadda za a gyara.

Sai karatun takardar. Shafi-shafi, ba na ƙarshe kawai ba. Kar a bar gurbi ko ɗaya wai za a cike daga baya, lambar fili, adadin kuɗi, sunan mai saye, duk a rubuta kafin hannu ya hau. Inda aka goge ko aka ƙara rubutu da biro, mai takarda da notari su sa hannu a gefen. Kwanan wata kuma na ranar da kuka zauna ne. Mutane na zuwa su ce a taimaka a mayar musu baya da wata uku, wanda ya yarda ya yi maka haka ya zubar da amanarsa kuma takardarka ce za ta fara rushewa in aka je kotu.

Wanda ya fi damuna shi ne iyayenmu da ba sa karanta boko ko ba sa jin Turanci. A kawo Hajiya tsohuwa, 'ya'ya na gefe suna cewa Mama dangwala nan, ita ko ba ta san ma gidan gado take saki ba. Doka ta ce dole a karanta mata a fassara da harshen da take ji, a rubuta a ƙasan takardar cewa an yi hakan kuma ta gane, da sunan tafintan. Kuma tafintan kar ya zama wanda zai ci moriyar takardar. A ofishinmu maigida kan fitar da kowa waje ya zauna da ita ya ce "Hajiya, me kika zo yi yau?" Amsar da ta bayar ita ke yanke ko za a buga ko a'a. In ka kai mahaifiyarka ba a yi haka ba, kai ka nema.

Kar kuma ka yi rantsuwar shari'arka a gaban lauyan da ke tsaya maka ko da notari ne. Sashe na 112 na dokar shaida ya hana karɓarta, haka na abokin aikinsa ko akawunsa. Notari ba ya shaida a maganar da yake da rabo a ciki.

In kwafin satifiket ne, ka kai na asali ya gwada da idonsa. Amma ka sani abin da ya shaida kawai shi ne kwafin ya yi daidai da abin da aka nuna masa, bai ce jami'a ce ta bayar ba. Masu fita waje kuma, Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta 1961 da ke sa a karɓi takarda da tambari ɗaya, don haka bayan notari akwai Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka, takardun makaranta kuma sukan fara bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Ka tambayi ofishin jakadancin tsarin da suke so tukuna.

Sabuwar dokar notari ta 2023 ta yarda a yi ta bidiyo da hatimin kwamfuta, sai dai nan ma sai ya gan ka yana magana da kai kai tsaye, turo hoton takarda ta WhatsApp ba ya cikin lissafi.

Kafin ka tashi ka karɓi rasit, ka tabbatar an shigar da kai littafin ofis, ka ɗauki hoton shafin da ke da hatimi da suna da kwanan wata. In daga baya ka gano an yi maka coge, da waɗannan za ka rubuta ƙorafi ga Babban Magatakardan Kotun Ƙoli ko reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA, kuma akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi da ke iya cire sunan mutum daga aiki. Wanda ba notari ba ne ma gaba ɗaya ya sassaƙo hatimi yake bugawa, wannan 'yan sanda za ka kai wa, ka riƙe takardar asalin a hannunka ka ba su kwafi.