Masu kiwon tarwaɗa, ku duba ruwa kafin ku sayi magani

Salam 'yan uwa. Duk wanda ya ga tarwaɗarsa ta fara jan gyambo a jiki ko ciki ya kumbura, wallahi kar ya ruga kemis tukuna. Masu bincike sun gano galibi ƙwayar cutar Aeromonas ce, kuma dama tana zaune cikin ruwan, sai ruwa ya ɓaci da kashin kifi da ragowar abinci sannan take samun galaba a kansu. To ka fara canza ruwa, ka rage abinci, wanda ya mutu a cire shi nan take tunda tarwaɗa na cin 'yar uwarta. Sabbin 'ya'yan kifi kuma a ware su kamar sati 2. Antibayotik barkatai ɗin nan da muke zubawa shi ke sa magani ya daina ci, a fara tambayar likitan dabbobi dan Allah.