Na'urar share gumin gilashin mota ta ƙi mutuwa: inda direbobi ke yin kuskure

Duk mai tuƙi a Legas ya san halin watan Yuni da Yuli. Gosulo ya riƙe ka a gadar Third Mainland, ana sheƙa ruwa, tagogi a rufe, nan da nan gilashi ya yi gumi har ba ka ganin danfon da ke gabanka. Ka danna maɓalli, ya washe. Sai ka iso gida Agege ko Idi-Araba, abin ya ce bai san zancen mutuwa ba.

Kuskuren farko tun a bakin mai mota yake farawa. Ya je wurin mai wayarin ya ce "abin gilashi ya ƙi mutuwa", alhali abubuwa biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Na gilashin baya lantarki ne, siraran layukan nan da ke kwance a jikin gilashi suna ɗaukar zafi. Na gilashin gaba kuwa iska ce kawai da ake turowa ta ramukan da ke saman dashbod.

Na baya a yawancin motoci yana kashe kansa bayan minti 10 zuwa 15, don haka wanda ya ga fitilar maɓalli a kunne ya ɗan yi haƙuri tukuna. In ya wuce haka, kashe mota, cire makulli, jira gilashin ya huce, sannan ka ɗora tafin hannu. In har yanzu da ɗumi, rile ne ake fara zargi, wato ɗan makunnin lantarkin da ke buɗe wa layukan wuta ya rufe: bakinsa ya narke ya manne, wuta na wucewa kai tsaye daga batir. Layukan nan suna jan kamar amfiya 10 zuwa 20, wato kafin asuba batir ya kwanta. A nan mutane ke asarar kuɗi, su ruga su sayi sabon batir, shi ma ya kwana ya mutu, a koma zagin mai shago.

Gwajin bai kai minti biyar ba. Buɗe akwatin fiyus, duba zanen da ke jikin murfin, zare rilen. In akwai wani mai lamba iri ɗaya, kamar na hon, ka musanya su ka gani. In zafin ya tsaya, rile kawai za ka nema a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, kuma ka tafi da tsohon a aljihu, don kamanni ba shi ne lamba ba. In bai tsaya ba, sai a koma kan maɓallin, ko wata waya da aka taɓa jonawa lokacin sa rediyo ko tiraka, na'urar bin sawun mota.

Kada ka yarda a datse wayar da fulaya, ko a ɗaura zaren waya a gurbin fiyus. Kada kuma a cire kan batir inji na aiki da sunan gwaji, abin da ke iya ƙona kwamfutar motar ke nan. In dare ya yi maka, zare fiyus ɗin na'urar ka kwanta.

Na gaba ya fi rikita mutane. Wasu su ga esi ya kama da kansa su ɗauka lalacewa ce, alhali haka aka ƙera shi, don busasshiyar iska ce ke kwashe gumi. Wasu motocin Hyundai da Kia ma suna da na'urar jin laima da ke kunna shi ba tare da an taɓa komai ba, kuma a laimar Legas ba ta hutawa. Littafin motar ya nuna yadda ake kashe ta.

Amma in ka juya iska zuwa fuska ta ƙi barin gilashi, ƙofar da ke raba iska ce ta maƙale. Kasa kunne: ƙas-ƙas a bayan dashbod alama ce haƙoran roba na ɗan injin da ke juya ƙofar sun cinye. A tsofaffin tokumbo da dama na Amurka, ƙofar da zuƙar iskar inji take aiki, kuma da gangan aka yi ta yadda in siririn tiyon ya tsage iska za ta koma gilashi. Tiyo ne da bai kai kaurin biro ba, a ƙarƙashin bonet, amma sai ka ji bakanike na cewa, "Alhaji, sai mun sauke dashbod." Ka ce masa, "Oga, a fara duba tiyon."

Alamar da ke yaudarar mutane ita ce gumin da ke fitowa a gindin gilashi ta waje. Sanyin esi ne ke bugun gilashin, laimar gari ta taru a kai. Direba ya yi ta gogawa da tsumma daga ciki, abin na nan. Waifa ce ke share wannan, sannan a rage sanyin esi kafin a kai ga gareji.