Yadda na koya wa kunnena jin Sifaniyanci

Na kusa shekara ina karatun Sifaniyanci kafin na gane cewa idona ya yi wa kunnena nisa. In aka ajiye mini rubutu, zan bi shi layi-layi in fahimci mafi yawansa, amma da mutum ya buɗe baki sai komai ya cakuɗe. Ranar da abin ya fi ci mini rai, wata mata ce a wani shirin rediyo ta faɗi wani abu kamar "kebasaser". Na mayar da wurin sau takwas ban tsinci komai ba. Da na duba rubutun shirin sai ga "¿Qué vas a hacer?", wato "me za ka yi?" Kalmomi huɗu ne, kuma babu wadda ban sani ba tun watan farko.

Daga ranar na daina ɗora laifin a kan ƙarancin kalmomi. A takarda na san su, yadda suke fita daga bakin masu harshen ne ban sani ba. Masu Sifaniyanci ba sa tsayawa tsakanin kalma da kalma. In kalma ta ƙare da wasali, ta gabanta kuma ta fara da irinsa, sai su haɗe su su zama ɗaya, shi ya sa "está aquí" ke fita kamar "estaki". Ba a furta harafin h sam, v da b kuma sautinsu ɗaya. Ga sauri a kai: wani bincike da aka yi a Jami'ar Lyon ta Faransa a 2011 ya nuna Sifaniyanci na fitar da gaɓa kusan 7.8 a daƙiƙa ɗaya, Turanci kuwa wajen 6.2. Don haka in ka ji kamar ana tsere da kai, ba kunnenka ne ya yi maka ƙarya ba.

Aikin da ya fi yi mini amfani shi ne shifta, irin wadda muka sani a aji, sai dai ni ke ba kaina. Nemi sauti wanda yake da rubutunsa kalma da kalma. Ni da Radio Ambulante na yi, shiri ne na labaran mutanen Latin Amurka, kuma suna wallafa rubutun shirye-shiryensu. Ga sabon shiga ya yi nauyi, gara ya fara da sautin da ke zuwa tare da littafin darasinsa. Yanki daƙiƙa 30 ko 40 kawai. Saurara sau biyu ba tare da ka kalli komai ba, ka ga ko za ka kama kan zancen. Sannan ɗauki biro, ka riƙa tsayar da sautin jimla-jimla kana rubuta abin da ka ji. Inda ka kasa, rubuta sautin yadda ya shiga kunnenka, ko da rubutun Hausa ne, kamar "kebasaser" ɗina. Sai ka gama tukuna za ka buɗe rubutun asali.

Kada ka yi gaggawar wuce wurin kwatantawar nan, don a nan karatun yake. Raba kurakuranka gida biyu: kalmomin da ba ka taɓa sani ba, da waɗanda ka sani amma ka kasa ganewa a baki. Na farkon ka zuba su a littafin kalmomi ka wuce. Na biyun su ne abin farautarka. Tambayi kanka me ya ɓoye su: haɗewa ce, ko an haɗiye wani harafi, ko nauyin murya ne ya faɗa inda ba ka zata ba? Sannan sake kunna wurin kana kallon rubutu, ka rufe rubutun ka sake ji, ka kuma faɗe shi da bakinka tare da mai magana, da saurinsa da kiɗan muryarsa. Na lura duk jimlar da bakina ya iya yi da sauri, kunnena ba ya sake ɓata a kanta. Minti 20 ya ishi wannan aikin a rana. Yana gajiyar da kai, kuma in aka zarce sai hankali ya tafi.

Mai jin Hausa yana da jari a nan, kuma ina ganin ba a cika faɗa masa ba. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, ba sa rikiɗa kamar na Turanci. Muna da r iri biyu, don haka bambanta "pero", wato amma, da "perro", wato kare, ba ya ba mu wuya sosai. Kunnen da ya saba da hawa da saukar murya kuma yana saurin kama nauyin gaɓa, wanda a harshen nan yake sauya ma'ana: "hablo" ina magana, "habló" ya yi magana. Tunda sau da yawa ba sa ambaton "ni" ko "shi", ƙarshen aikatau ne ke gaya maka wa ya yi abu da kuma yaushe. Ka kasa kunne a wutsiyar kalma.

Sai batun karin harshe. Ƙasashe kusan 20 ne ke amfani da Sifaniyanci a hukumance, har da Ikwatoriyal Gini a Afirka, kuma ba iri ɗaya suke magana ba. A Madrid za ka ji z, da c mai zuwa kafin e ko i, ana furta su da harshe tsakanin haƙora, a Latin Amurka kuwa s ce kawai. A Ajantina da Yurugwai "calle" na fita kamar "kashe", kuma "vos" suke cewa a maimakon "tú", wato kai ko ke. A Kyuba da kudancin Sifaniya s ɗin ƙarshen gaɓa takan zama huci ko ta ɓace, "cansado" ya koma "cansao", "para" ta koma "pa". Shawarata ka riƙe kari ɗaya na wata uku ko huɗu kafin ka leƙa sauran. Na zaɓi na Meziko saboda suna fitar da baƙaƙe sarai, kuma ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu harshen, ba za ka rasa abin ji ba.

Shifta kaɗai ba ta isa ba. Kunne yana bukatar sa'o'i masu yawa na abin da yake fahimta ba tare da wahala ba. Tashar Dreaming Spanish a YouTube an tsara ta hawa-hawa, daga masu magana a hankali suna zane har zuwa hira ta sosai. Zaɓi matakin da kake gane kusan duka, ka saurara kana tafiya ko kana wanki, kada ka tsaya duba ƙamus. Labaran BBC Mundo, sashen Sifaniyanci na BBC, ko na RTVE, gidan rediyo da talabijin na ƙasar Sifaniya, sukan zo da sauƙi in ka riga ka ji labarin ranar da Hausa, don ka san inda zancen ya dosa. Amma barin rediyo yana ta surutu da abin da ba ka gane ko kaɗan, na gwada na tsawon watanni, bai ƙara mini komai ba.

In za ka kalli fim, kada ka sa fassarar ƙasan allo da wani harshe, don ido ne zai yi aikin, kunne ya kwanta. Sa ta Sifaniyanci a kallon farko, ka cire ta a na biyu. Rage gudun sauti zuwa 0.75 yana taimakawa a wuri mai tsauri, amma ka mayar da shi daidai kafin ka tashi. Ka kuma haddace 'yan kalmomin cike gurbi, irin su "pues", "bueno", "o sea", "entonces", da "vale" ta mutanen Sifaniya. Da ka gane ba su ɗauke da wani saƙo mai nauyi, sai su zame maka wurin shan iska a tsakiyar zance.

Ajiye yankin da ya gagare ka yau, ka rubuta kwanan wata a jikinsa, ka dawo masa bayan sati shida. Nawa na farko yana nan a wayata, daƙiƙa 34 ne, kuma yanzu ina jin kowace kalma da matar nan ta faɗa.