Kwana biyu a tsibiri bayan rangadin Girka

'Yan uwa, duk wanda rangadinsa da ɗan jagora zai ƙare a Atina, kuma yana marmarin leƙa tsibiri kafin ya dawo gida, ni Egina zan ba shi shawara. Santorini ta fi suna, amma jirgin ruwa yakan ci awa 5 zuwa 8 kafin ya isa, kwana ɗaya ya tafi ke nan a hanya. Egina kuwa daga tashar jiragen ruwa ta Piraeus da ke kusa da Atina minti 40 ne a jirgi mai gudu, awa ɗaya da 'yan mintuna a babba.

Abin da ya fi damuna shi ne biza. Sau da yawa bizar Shengen, wadda ake shiga Girka da wasu ƙasashen Turai da ita, daidai kwanakin rangadin ake ba mutum, don haka tun lokacin nema ku haɗa da kwanakin tsibirin da shaidar kama otal.

Don Allah kada ku bar dawowa Atina sai ranar tashin jirgin samanku. A Yuli da Agusta wata iska mai ƙarfi da ake kira meltemi takan hana ƙananan jiragen ruwa fita. Ku dawo da kwana ɗaya a hannu.

Abinci kuma, ku riƙe kifi, domin yawancin giros ɗinsu, wato gasasshen nama irin na shawarma, naman alade ne. Ku tambaya kafin ku saya.